Itacen Girki, Hayaƙi da Huhun Mutanen Yamai

Kasuwar Petit Marché, wadda Zabarmawa ke kira Habou Ganda, tana cikin tsofaffin kasuwannin Yamai. Mazauninta tsakiyar birni ne, kusa da ma'aikatar magajin gari da gidan tarihi na Boubou Hama, ba nisa da hanyar da ke gangarawa gadar Kennedy. Da kayan miya aka san ta: albasa da tumatir da tattasai, kuɓewa da yakuwa da zogale, nama da kifin kogin Isa. Babbar kasuwa, Habou Béné, ta atamfa ce da kayan masarufi, Katako ta kayan gini da ƙarafa, ita kuwa Petit Marché kasuwar tukunya ce. Kusan duk abin da aka saya a cikinta sai ya hau wuta kafin ya shiga baki, kuma tun kafuwar birnin wutar nan ta itace ce. Don haka tarihin kasuwar yana tafe da tarihin fataucin itacen girki, shi kuma fataucin yana tafe da wata cutar huhu da aka daɗe ana jingina wa taba sigari ita kaɗai.

A farkon ƙarni na 20 Yamai 'yan ƙauyuka ce a bakin kogi. Faransawa suka kafa sansanin soja a wurin, suka mai da hedikwatarsu Damagaram a 1911, sannan suka dawo da ita Yamai a 1926. Yunwar 1931 ta koro mutanen karkara zuwa gari, kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka sake yi daga baya. Lokacin samun mulkin kai a 1960 mutanen birnin wajen 30,000 ne. Ƙidayar 1988 ta sami kusan 400,000, ta 2001 wajen 700,000, ta 2012 kuma ta haura miliyan 1. Kowane sabon gida murhu ne, kowane murhu kuma bakinsa a buɗe yake safe da yamma.

Sa'ad da garin yake ƙarami itace ba haja ba ne sosai. Mata da yara sukan fita bayan gari su tsinto ƙirare, wanda ba shi da mai tsinto masa ya saya wurin mai jaki. Da gari ya yi faɗi, daji ya ja da baya, sai sana'ar ta rabu hannu-hannu. Akwai masu sara a daji, akwai masu jigila da jakai da raƙuma da amalanke, sai manyan 'yan kasuwa masu tsofaffin motocin kaya da ake lodawa har itace ya yi musu tozo. A cikin gari kuma akwai masu faskare, yawancinsu 'yan ci-rani, da matan da ke kasa itace a ƙofar gida, kashi-kashi daidai kuɗin mai saye. Itacen da ya ciyar da Yamai na geza ne da sabara da taramniya da danginsu, waɗanda ke tsirowa layi-layi a kan tuddan tsakuwa na yammacin Nijar. Gawayi bai yi ƙarfi a madafan Yamai kamar yadda ya yi a Dakar ba. An fi barin sa ga masu shayi da masu guga da maƙera da masu gashi. A shekarun 1980 birnin yana cin fiye da tan 100,000 na itace a shekara.

Hukuma ta shiga harkar tun da wuri. Dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ta mai da dajin da ba a noma shi abin hannun gwamnati, aka kuma keɓe wasu dazuzzuka, cikinsu har da Guesselbodi da ke kudu maso gabashin Yamai, a 1948. Dokar 1974 ta Nijar mai 'yanci ba ta kauce wa wannan turba ba. Ɗan kasuwar birni yakan sayi takardar izini ya tafi da 'yan ƙwadagonsa ya sari abin da ya ga dama, ɗan ƙauyen da dajin yake bayan gidansa kuwa sai kallo, in ma ya taɓa gatari ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara.

Farin shekarun 1970 ne ya mai da itacen Yamai zancen duniya. A wata maƙala da Erik Eckholm ya fitar a Amurka a 1975 kan matsalar itacen girki, Yamai na cikin misalansa: ya ce iyalin lebura a birnin suna kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suke samu wajen sayen itace. A watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Daga nan sababbin murhuna suka bazu: Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙera ke yanka daga tsofaffin gwangwanaye da ganguna, da Albarka, na laka. Tun kafin wannan, Abdou Moumouni Dioffo, masanin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi aikin murhun hasken rana a cibiyar ONERSOL. A 1989 aka soma wani shirin makamashin gida da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Danmak, aka auna dazuzzukan da ke kewaye da Yamai har nisan kilomita 150, sannan dokar 21 ga Agusta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara. Ƙauye ya sami ikon sarar dajinsa bisa ƙa'ida, ya sayar wa masu motoci a bakin hanya, a raba harajin tsakanin ƙauyen da ƙaramar hukuma da baitulmali. Yankunan Say da Torodi ne suka fara, wasu ƙasashen Sahel kuma suka kwaikwayi tsarin.

Aiki ne mai kyau, amma duk lissafinsa na bishiya ne. An san eka nawa aka sare, an san kuɗin harajin kowane lodi, an san yawan itacen da Mai Sauƙi ke ragewa in aka gwada shi da murhun duwatsu uku. Ba a ƙera Mai Sauƙi don ya fitar da hayaƙi daga madafa ba, shi ya sa ba shi da bututu. Matar da ke tsugune gaban murhu ta shiga lissafi ne a matsayin mai cin itace, ba mai shaƙar hayaƙinsa ba.

Shaƙar kuwa ba kaɗan ba ce. Mai tuyar ƙosai ko fanke a gefen kasuwa takan hura wuta tun kafin a kira assalatu. Itacen da ɗan danshi, sai ta tura leda ko guntun kwali a ƙarƙashi, ta duƙa ta hura da baki har idonta ya kawo ruwa, ga goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. In wuta ta kama hayaƙin yakan yi sauƙi, in ta ƙara itace ya sake turnuƙewa. Haka za ta yi sa'o'i, ta koma gida ta ɗora sanwar dare. Mai tuwo-tuwo da mai tsire da mai bandar kifi duk haka suke. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, akwai sinadarai masu cin fatar maƙogwaro, akwai kuma ƙura mai laushi da faɗinta bai wuce maikuromita 2.5 ba, wadda gashin hanci ba ya tare ta, sai ta zarce can ƙarshen huhu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kada irin wannan ƙura ta wuce maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a tsawon yini guda. Awon da aka yi a madafan itace a ƙasashe dabam-dabam yakan nuna ɗaruruwa, lokacin hura wuta ma har dubbai. A rani, girkin tsakar gida yana rage abin. Damina da hunturu su ke kora mata cikin ɗaki. Ga kuma turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da ake rufe ɗaki da su.

Sauyi na gaske ya zo ne ta hanyar iskar gas. An gwada gawayin ƙasa na Anou Araren, wanda kamfanin SONICHAR ke haƙa, bai karɓu sosai a madafai ba. Amma da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamban 2011, gas ɗin gida ya samu, farashin tukunya ya sauko, gidaje da yawa a Yamai suka saya. A 2012 kuma gobara ta cinye Petit Marché, shekara 30 bayan wadda ta cinye babbar kasuwa a 1982. Ciniki ya watsu a titunan da ke kewaye, sunan ya zauna wa wurin. Itace dai bai bar gari ba. Gidan da ke da gas yakan dafa shayi da miya a kansa, tukunyar tuwon gidan yawa da girkin biki da ruwan wankan jego kuwa sai itace, in gas ya yi ƙaranci ma kowa ya koma gidan jiya. A faɗin Nijar, fiye da gidaje 9 cikin 10 da itace da danginsa suke girki.

Cutar da ake zargin wannan hayaƙi da haddasawa ita ce toshewar hanyoyin iska na huhu mai daɗewa, wadda likitocin Nijar ke taƙaitawa BPCO, na Najeriya kuma COPD. Ɓarna iri biyu ce ke haɗuwa a cikinta. Ƙananan bututun iska sukan kumbura su ƙuntace su cika da majina. Ƙananan jakunkunan iska kuma, inda jini ke karɓar iskar oksijin, bangonsu yakan yage su haɗe su zama manyan ramuka marasa ƙarfi, kamar soson wanka da ya tsufa. Iska ta shiga, fitarta ta zama aiki. Mai cutar yakan fara da tari da kaki da safe, sai haki in ya hau tudu, a ƙarshe ko sa riga sai ya huta. Lokaci-lokaci mura ko ƙura takan tayar da ita, kuma irin wannan tashi shi ke kai mutum asibiti ko kabari. Asma takan zo ta lafa, huhu ya koma daidai. Wannan kuwa ɓarnarta ba ta komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, ta huɗu cikin cututtuka masu kisa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe kafin su kai shekara 70 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke.

Ilimin cutar a Turai aka gina shi. René Laennec na Faransa ya siffanta lalacewar jakunkunan huhu a littafinsa na 1819. John Hutchinson ya fito da na'urar awon numfashi a Landan a 1846, Robert Tiffeneau kuma a 1947 ya nuna muhimmancin yawan iskar da mutum ke iya fesarwa a daƙiƙar farko. Hayaƙin gawayin da ya lulluɓe Landan a Disamban 1952, ya kashe dubbai, ya sa Ingila ta zuba kuɗi a binciken tarin da ba ya jin magani. Daga nan ne Charles Fletcher da Richard Peto suka bi ma'aikata wajen 800 a Landan tsawon shekara 8, suka fitar a 1977 da zanen da har gobe ake koyarwa: numfashin kowa yana raguwa da tsufa, na wasu masu shan taba yana zubewa da sauri, wanda ya daina kuma zubewar takan lafa. Duka mutanen da aka bi maza ne, Turawa ne, a birni mai sanyi. Abin da aka gano gaskiya ne, sai dai gaskiyar wani yanki ce aka ɗauka ta kowa.

Akwai waɗanda suka ga wani abu dabam tun da wuri. A 1959 likitar zuciya S. Padmavati ta ba da rahoton mata a Delhi da ciwon huhu ya kumbura musu zuciya alhali ba su taɓa shan taba ba. A 1968 G. O. Sofoluwe ya auna hayaƙi a gidajen jarirai masu ciwon huhu a Legas. Ba a saurare su yadda ya kamata ba sai bayan shekaru. A 2009 Sundeep Salvi da Peter Barnes suka tattara bincike suka nuna tsakanin kashi 25 zuwa 45 na masu cutar ba su taɓa shan taba ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne taba ce sanadin fiye da kashi 70 a ƙasashe masu arziki, amma kashi 30 zuwa 40 kawai a sauran. A Nijar, wadda ta yi dokar yaƙi da taba a 2006, masu sha galibi maza ne, mata kuwa 'yan kaɗan ƙwarai. Ƙasa irin wannan ita ce inda za a fi iya raba aikin hayaƙin murhu da na sigari.

Tambayar farko da ba ta da amsa ita ce mafi sauƙin faɗi: mutum nawa ne ke da ita? Ba a gane cutar da sauraren ƙirji, ba a tabbatar da ita da hoto kaɗai. Sai an hura na'ura. Akan zaunar da mutum a matse masa hanci, ya ja numfashi har ƙirji ya cika, ya kama bakin bututu da leɓe, ya fesar da iska gaba ɗaya da ƙarfi, ma'aikaci na tsaye a kansa yana cewa, "Ƙara, Inna, ƙara, kada ki tsaya." Sai an yi aƙalla sau uku masu kyau. Sannan a shaƙa masa maganin buɗe hanyoyin iska, a jira minti 15, a sake. In iskar daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na dukan abin da ya fesar ba, an sami toshewa. Na'urar ba ta da tsada can, amma tana son ma'aikaci mai horo da haƙuri, kuma a yawancin asibitocin Afirka ta Yamma ba kasafai ake samun ta ba. Babban binciken duniya mai suna BOLD, wanda ya bi gida-gida da wannan awo, ya sami kashi 7.7 na manya a Ile-Ife ta Najeriya suna da toshewa. Wani bincike a Masindi ta Yuganda ya sami kashi 16.2, da yawansu ba su kai shekara 40 ba. BOLD ya shiga Benin da Sudan da Malawi da Maroko, bai shiga Nijar ba. Alƙaluman da ake ambata wa Nijar ƙiyasi ne da aka ɗebo daga wasu wurare.

Ko an yi awon ma, da wa za a gwada? Girman huhu yana bin tsawo da shekaru da jinsi, kuma ma'aunan duniya na 2012 sun ɗauko na baƙar fata ne daga Amurkawa baƙaƙe. A Ile-Ife, da aka gwada da ma'aunin Turawan Amurka, wajen kashi 70 na mutanen da aka auna huhunsu ya gaza girman da ake tsammani. Ko halitta ce, ko kuwa tabon yunwa da cututtukan ƙuruciya ne da aka saba gani har aka ɗauka halitta? A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina raba ma'auni bisa launin fata, amma wannan bai gaya wa likitan Yamai yadda lafiyayyen huhun Bazabarme ko Bahaushe ko Buzu yake ba.

Tambaya ta gaba ta fi ɗaure kai, don ta taɓa zargin kansa. Ƙananan bincike da dama sun nuna masu girki da itace sun fi kamuwa. Amma da BOLD ya tattara sakamakon wurare da yawa a 2018, bai ga alaƙa tsakanin girki da itace da toshewar hanyoyin iska ba. Abin da ya gani shi ne ƙarin kaki a wasu rukunoni kawai. A Ile-Ife ma ba a ga alaƙa da toshewar ba. Masu musu suka ce laifin tambayar ne: in kusan kowa a gari da hayaƙi ya tashi, babu wanda za a gwada da shi, kuma amsar "e, da itace nake girki" ba ta bambanta mai dafa wa mutum uku a fili da mai dafa wa talatin a rufaffen ɗaki ba. Wasu suka ce talauci ne ainihin abin, itace alama ce tasa kawai. Gwaje-gwajen sauya murhu su ma ba su raba gardamar ba. A Malawi an gwada murhuna masu fanka a gwajin da ya ƙunshi yara 10,750, bayan shekara 2 ciwon limoniya bai ragu ba. A Kintampo ta Gana an gwada gas, sakamakon bai gamsar ba. Gwajin HAPIN ya bai wa mata masu ciki murhun gas da gas kyauta a Gwatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, cikin mata 3,200 da aka raba kashi biyu. Hayaƙin da suke shaƙa ya ragu ƙwarai, amma nauyin jarirai da yawan limoniya mai tsanani ba su sauya ba. A gefe guda, wani bincike na shekara 9 a ƙauyukan kudancin Sin, wanda ya fito a 2014, ya nuna waɗanda suka gyara tagogin madafa ko suka sauya makamashi numfashinsu ya fi jinkirin raguwa.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin wanke hayaƙi. Manyan gwaje-gwajen yara suka duba, na shekara ɗaya ko biyu, cutar kuwa takan ɗauki shekara 20 ko 30 kafin ta nuna kanta. Sannan gida ɗaya ba ya tsarkake iskarsa shi kaɗai in maƙwabta na ƙona itace, bola na cin wuta a bakin titi, babura da tsofaffin motoci na tuƙa hayaƙi. Abin da ba a sani ba shi ne iyakar da ya kamata hayaƙi ya sauka kafin huhu ya amfana, da kuma shekarun da saukar ta fi amfani.

Batun shekaru ya ƙara nauyi tun 2015, da Peter Lange da abokan aikinsa suka nuna wajen rabin masu cutar ba zubewar numfashi da sauri ce ta kai su ba. Tun asali huhunsu bai cika girma ba. Huhu yakan gama girma tsakanin shekara 20 zuwa 25, kuma haihuwa ba nauyi, tamowa, ƙyanda, limoniya da hayaƙi duk suna iya rage masa kaiwa. In haka ne, goyon da ke bayan mai ƙosai yana iya fin uwarsa shiga haɗari. A ƙasar da wajen rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ce ta shekaru 40 masu zuwa.

Sai tarin fuka. Mai tarin da ya wuce mako biyu a Yamai akan tura shi gwajin kaki, kuma daidai ne. Matsalar tana ga wanda aka gwada ba a ga ƙwayar cuta ba, da wanda ya sha magani wata shida aka ce ya warke amma haki bai bar shi ba. Tarin fuka yakan bar tabo da ke toshe hanyoyin iska, BOLD ma ya tabbatar da alaƙar, amma sai a 2019 aka yi taron duniya na farko kan huhu bayan tarin fuka, a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. Ko maganin masu taba yana yi wa waɗannan aiki, ba a tantance ba. Nijar ba baƙuwar binciken huhu ba ce: tun 2008 aka gwada gajeren maganin tarin fuka mai bijire wa magani a ƙasar, tare da gidauniyar Damien, sakamakon kuma yana cikin hujjojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da su a 2016. Akwai kuma ruɗani da ciwon zuciya. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun yi nazarin gazawar zuciya bayan haihuwa a Zariya, hankalinsu ya tafi ga zafin wankan jego da gadon wuta da kunun kanwa. Mace mai haki da kumburin ƙafa tana iya zama mai wannan, ko mai huhun da ya gajiyar da zuciya, ko duka biyun.

Ƙurar hunturu tambaya ce ta musamman ga Sahel. Kwarin Bodele na Chadi yana cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, iskar arewa maso gabas kuma tana kwaso ta ta zube wa Yamai daga Nuwamba zuwa Maris. A 2006 masana yanayi daga Amurka da Ingila suka girke na'urori a filin jirgin saman Yamai, suka yi ta shawagi da jirgi suna auna ƙura da hayaƙin ƙunar daji, don su san yadda suke tare hasken rana. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES kuma ta yi aiki kan alaƙar ƙura da sanƙarau. An san hazo yana tayar wa masu ciwon ƙirji da ciwonsu. Ko shaƙar sa shekara da shekaru yana haddasa toshewar da kansa, da yadda yake haɗuwa da hayaƙin itace a watannin da aka fi jin ɗumi a ɗaka, wannan a buɗe yake.

Magani ma yana da nasa giɓin. Magungunan shaƙa masu dogon aiki, irin su tiyotiropiyom da ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019, an gwada su ne kusan duka a kan waɗanda suka haura shekara 40 kuma suka sha aƙalla kwalin sigari ɗaya kullum na shekara 10. Matar da ba ta taɓa riƙe sigari ba, ƙa'idar shiga gwajin ta fitar da ita tun daga ƙofa. Wani bincike a Meziko ya nuna huhun masu hayaƙin itace ya fi lalacewa ta wajen bututun iska, jakunkunan iska kuwa ba su cika yagewa kamar na masu taba ba, don haka ba lalle amfanin maganin ya zo ɗaya ba. Sabuwar allurar da aka amince da ita a Turai da Amurka a 2024 kuɗinta ya fi ƙarfin kusan kowa a Yamai. Abin da aka fi samu shi ne salbutamol, sau da yawa ƙwaya ko ruwa maimakon na shaƙa. Iskar oksijin a gida tana tsawaita ran mai tsananin cutar in ya samu sa'a 15 a yini, kamar yadda gwaje-gwajen 1980 da 1981 suka nuna, amma injinta yana son wutar lantarki da ba ta yankewa. Motsa jiki bisa tsari, wanda ba ya bukatar komai sai fili da mai koyarwa, an gwada shi a Kampala ya yi amfani. Yadda za a daidaita shi da dattijuwa a Yamai, a zafin Afrilu ko cikin azumi, aiki ne da ke jiran mai yi.

Shigowar gas ta buɗe wata dama da gajerun gwaje-gwaje ba su da ita. Tun 2012 akwai yaran Yamai da suka tashi a gidajen gas, akwai na gidajen itace, akwai na gidajen da ke haɗa biyun, duk a unguwa ɗaya, ƙarƙashin hazo ɗaya. Na farkonsu za su cika shekara 20 a 2032, lokacin da huhu ke dosar cikar girmansa. Kwatanta su zai yi ma'ana ne kawai in an rubuta tun yanzu nauyin haihuwarsu, cututtukan da suka yi, abin da aka dafa musu abinci da shi, da ƙarfin aljihun gidan, tunda gidan da ya fara sayen gas galibi shi ne wanda ya fi abinci da kuɗin asibiti.